Sunan da Mainasara Ya Kasa Kira

Malam Mainasara Amadu yana da shekara hamsin da shida, matarsa ɗaya, 'ya'yansa biyar. Direban motar haya ne a tashar Zango, shekara talatin da ɗaya ke nan yana lodin Daura, sahu huɗu ko biyar a wuni. Yana da gonar gero a bayan gari wadda ya gada wurin mahaifinsa. Ba ya gudu da mota, ba ya cin goro, ba ya yawan magana. Abokan aikinsa sun ce in ka ga ya buɗe baki a tasha, to ko gaisuwa ce ko kuwa an danne wa wani layi.

A Zango aka haife shi. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya ƙarasa tashi a hannun mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna Talatu, ko da yake sunanta na yanka Mardiyya. Ya auri Larai a shekarar 1999. A bazarar 2001 suka sami 'yar fari, Mainasara ya yi wa mahaifiyarsa takwara, aka raɗa wa jaririya suna Mardiyya.

Tun daga ranar suna, sunan bai sake fita daga bakin iyayen ba. Mainasara ba ya iya faɗin sunan uwarsa. Larai kuwa nauyi biyu ne a kanta, ga kunyar 'yar fari ga sunan suruka. Shi yana ce wa yarinyar Ummi, ita kuma sai "ke" ko "'yar nan". Ko ranar da ta je karɓar katin rigakafi, takardar da aka rubuta sunan ta miƙa wa ma'aikaciyar asibiti. Babu wanda ya ga abin mamaki a nan, haka ake yi a yawancin gidajen unguwarsu.

A ranin 2003 wasu masu haƙa rijiyar burtsatse suka ɗauki shatar tsohuwar Fijo ɗinsa har wata uku. Yana kai su ƙauyuka, duk inda rana ta faɗi musu su kafa tanti su kwana. Abin ya burge shi. Da aikin ya ƙare, shugabansu ya bar masa wani koren tanti mai faci biyu. Sai ya ƙudurta zai fita da iyalinsa yawon buɗe ido, domin Larai, duk da kusancin Zango da Daura, ba ta taɓa ganin rijiyar Kusugu ba. Ya tsara tafiyar: ranar Asabar Daura, daga nan duwatsun Dutsi, a kwana a tanti, Lahadi a ci kasuwar Mai'adua a dawo gida.

A tasha dariya aka yi masa. Wani direba ya ce, "Mutum da ɗakinsa da ƙyaurensa ya kwashi iyali ya tafi daji kwana? Ko kiwo ka fara ba mu sani ba?"

Lokacin Shari'a ba ta daɗe da kankama a jihar ba. Kaset ɗin wa'azi ya maye gurbin na kiɗa a motocin haya, har da tasa. Mainasara ya riga ya cire layar da ke rataye a madubin motar, kuma yana yawan cewa canfi ya yi wa mutane yawa.

Da safen da za su tashi, kwana goma bayan Ƙaramar Salla, Inna Talatu ta tare su a tsakar gida suna fitar da tabarma da risho.

"Da takwarata za ku?"

"Da ita, Inna. Kwana ɗaya ne kawai," in ji Mainasara.

"Kwana ɗaya ai shi ne kwana. To ku saurara. Yaron da bai gama yin baki ba, in ya kwana a baƙon wuri, ba a tashi haka nan. In kun naɗe kaya, ɗayanku ya tsaya daidai inda ta kwanta, ya kira ta sau uku, ya ce ta taso a tafi gida. Da sunanta na yanka, ba wannan Ummin taku ba."

"Inna, ai tana hannunmu."

"Jikinta ke hannunku. Ni dai na faɗa. Haka uwata ta yi mini, haka na yi maka a Sandamu kana tsumma."

Ya ce to, don a rabu lafiya.

Ummi tana da shekara biyu da wata bakwai a lokacin, kuma bakinta ba ya hutawa. Ta iya "ba ni", ta iya "mota", ta iya kwaikwayon masu lodi. Tun daga Zango take tsaye a cinyar uwarta tana cewa, "Daura! Daura! Saura mutum ɗaya!" A Kusugu mai kula da rijiyar ya ja guga ya ba su suka sha, ita kuma ta cire takalminta tana neman jefa shi ciki, da ƙyar Larai ta ƙwace. Bayan azahar suka isa Dutsi. Suka hau wani dutse mai faɗi, Mainasara ya ɗora yarinyar a wuya yana nuna mata gonakin da aka girbe. Larai ta ce ranar ce ta fara ganin gari daga sama.

Bayan la'asar ya shiga neman wurin kwana. Tsakanin Dutsi da Shargalle ya sauka daga titi ya bi wata hanyar amalanke, har ya iske wani fili mai kukoki biyar. Ƙasar wurin shimfiɗe take, ba ƙaya, ba kututturen kara. Nan da can akwai tsibin ƙasa irin na katangar da ta daɗe da rushewa, da tsingaro birjik, da wani dutsen niƙa a kife. Ya ce wurin ya yi masa kyau.

Yana cikin buga turakun tanti wani tsoho ya biyo da jaki ɗauke da kara. Sunansa Nagoggo, manomi ne a wani ƙauye mai nisan kamar kilomita uku daga wurin.

"Sannunku. Motar ce ta lalace?"

"Lafiyarta lau, Baba. Kwana muka zo yi."

"Kwana? A nan?" Tsohon ya dubi kukokin. "Ai kufai ne, ɗana. Tun zamanin kakana aka watse. Rijiyarsu ce ta ƙafe wata shekara da tsakiyar damina, suka tashi gaba ɗaya. Ba mai noma wurin. Ni ma kewayawa nake yi, yau jakin ne ya ƙi jin magana."

Ya ce su taho su kwana a zaurensa. Mainasara ya yi godiya, ya ce ai kwanan tantin ne ya fito da su. Nagoggo ya dubi yarinyar tana tsintar tsingaro tana zubawa a siket, ya ce, "Da ƙaramar yarinya kuma. To, Allah ya tashe ku lafiya." Ya kora jakinsa.

Mainasara da Larai sun ba da labarin abin da ya biyo baya a lokuta daban, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Yana sallame magariba, Larai tana ɗumama dambu a kan risho, sai suka ji daka. Lugude ne, taɓarya biyu, wannan ta sauka wannan ta tashi, daga wajen kukar tsakiya. Babu hayaƙi, babu haske, babu muryar kowa. Larai ta dubi mijinta.

"Daga ƙauyen tsohon nan ne," ya ce. "A daji sauti tafiya yake yi."

"Wa ke daka da magariba, Malam?"

Ummi ta taso daga tabarma ta tsaya a bakin tanti, ta fuskanci kukar, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Sannu da aiki," daidai yadda take jin uwarta na gaida maƙwabta. Dakan ya tsaya.

Larai ta fizgo ta ta goya. Ta ce su tashi, shi kuma ya ce fitilar motar ɗaya ce ke kamawa, hanyar amalanken ba za ta biyu cikin duhu ba. Suka yi isha, ya karanta abin da ya sawwaƙa ya tofa kusurwa huɗu, suka shige. Ba su ƙara jin komai ba, kuma dukkansu sun yi barci har asuba.

Gari na wayewa ya cire turaku ya naɗe tanti. Yarinyar tana barci a bayan uwarta. Larai ta tsaya a wurin da aka shimfiɗa mata zane.

"Malam, abin da Inna ta ce."

"To ki yi mana."

"Ni? 'Yar fari ce fa. Kuma sunan wa zan kama da bakina?"

"Ni kuma uwata ce."

"Ai kai ka raɗa shi."

"Liman ya raɗa, ni a kunne na faɗa masa."

Suka tsaya kallon juna. Daga ƙarshe Mainasara ya matsa wurin, ya buɗe baki, ya rufe. Sai ya yi 'yar dariya ya ce ƙasa-ƙasa, "Ummi, taso mu tafi," sau ɗaya. Ya juya ya ce wa Larai, "Ga ta nan a bayanki. Canfi ne kawai. Shiga mota kada kasuwa ta cika."

A yau ba ya ɓoye dalilinsa. "Na ce canfi ne don in huta," in ji shi. "Gaskiyar magana bakina ne ya yi nauyi."

Yarinyar ta farka a Mai'adua. Suka shiga kara, inda ake sayar da dabbobi, Mainasara ya ɗaga ta ya nuna mata raƙumi, abin da ba ta taɓa gani ba. Ta dubi raƙumin, ba ta ce komai ba. Ya saya mata alewa, ta karɓa ba tare da "ba ni" ba. Larai ce ta fara lura, wajen azahar, cewa tun safe ba ta ji muryar 'yarta ba. Suka ce gajiya ce.

Suna shiga gida Inna Talatu ta tambaya, "Kun kira ta?"

"An yi, Inna," in ji Mainasara. Larai ta wuce ɗaki.

Kwana arba'in da shida yarinyar ba ta furta kalma ɗaya ba. Tana ci, tana sha, tana tafiya, jikinta ba zafi. Ba ta dariya, ba ta kuma kuka, ko ranar da aka yi mata allura ba ta yi ba. In an ce "Ummi" ba ta waiwayowa, amma in kwano ya faɗi takan firgita. Sun kai ta asibiti a Daura sau biyu. Likita ya duba kunne da maƙogwaro ya ce lafiya lau suke, wataƙila tsorata ta yi, a ba ta lokaci. Sun kai ta wurin mai ruƙiyya, ya yi karatu kwana bakwai, tana zaune tana kallonsa. Abin da ya fi damun Larai shi ne magariba. Da an fara kiran salla sai yarinyar ta je ƙofar zaure ta tsaya tana fuskantar yamma, hannunta na dama a ɗage, kamar wani babba ya riƙe shi.

Larai ce ta fasa ƙwai. Wata ranar Laraba Inna Talatu tana tsefe wa jikar kai, Larai ta durƙusa a gabanta ta faɗi gaskiya. Tsohuwar ta aika tasha a kira ɗanta.

"Sunana ne ya fi ƙarfin bakinka?" ta ce da ya shigo. "Sunan da ɗan yaro ya karanta daga katin zaɓe a gaban mutum ɗari, ba wanda ya mutu?"

"Inna, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Na yafe maka sunan. Kunyar da za ta cinye maka ɗiya ba kunya ba ce. Da ni ake bukata da na je ko da rarrafe, amma wanda ya kai ta shi ke kiranta. Gobe ka tashi."

Da yamma ya sami limamin unguwarsu ya tambaye shi ko akwai laifi. Liman ya ce shi bai san wannan a littafi ba, kada kuma ya yanka komai ko ya roƙi wani abu a wurin. Amma uba ya kira ɗiyarsa da sunan da aka raɗa mata, ya bi umarnin uwarsa, bai ga haramci a ciki ba, muddin ya san Allah ke warkarwa.

Suka isa kufan ranar Alhamis da tsakar rana, saura kwana goma Babbar Salla. Larai ta ce ba za ta sauka ba, ta zauna a mota da yarinyar a cinya. Mainasara ya taka shi kaɗai. Kukokin sun zubar da ganye, busasshen ganye ya rufe filin ko'ina, ban da wuri ɗaya. Daidai inda tantin ya tsaya, ya ce, a share yake tas, har da sawun tsintsiya a kan ƙasa. Ramukan turakunsa huɗu suna nan. Bai ga sawun ƙafa ba.

Ya tsaya a wurin. Karon farko murya ba ta fito ba, sai iska. Ya yi bisimilla ya sake.

"Mardiyya, taso mu tafi gida."

Ya faɗa na biyu da ƙarfi. A na uku, in ji shi, aka amsa daga wajen kukar tsakiya da ƙaramar murya: "Na'am."

A nan ne kaɗai labarinsa da na matarsa suka rabu. Larai ta ce gilashin motar a sauke yake, ta ji kiran mijinta duka uku, ba ta ji amsa ba. Ta ce tafin hannunta na kan ƙirjin yarinyar, bakin yarinyar kuma a rufe. Abin da ta lura da shi kawai, yarinyar ta yi ajiyar zuciya ta kwanta a jikinta ta kama barci.

Mainasara ya dawo mota bai waiwaya ba. Suka fita titi, suka wuce Shargalle. Suna gab da shiga Daura yarinyar ta farka, ta miƙa hannu ta taɓa kafaɗarsa.

"Baba, kun daɗe."

Ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya ce ya fi minti goma sha biyar a wurin kafin ya sake tayar da ita. Ita kuwa ta juya wurin uwarta ta ce a ba ta ruwa.

Kafin yamma maganarta ta dawo kamar ba ta taɓa tsayawa ba. Bayan kwana biyu ta ce wa kakarta, "Goggo ta ba ni fura." Aka ce wace Goggo, ta nuna yamma. Ta maimaita haka sau uku ko huɗu cikin wata guda, daga nan ta bari. Da suka koma asibiti likita ya yi murna, ya ce ana samun haka ga yara bayan firgita, magana takan tafi ta dawo da kanta. Mainasara bai musa masa ba, bai kuma faɗa masa inda suka je ba.

Nagoggo ya rasu a 2009. Ɗansa Mati, wanda ya gaji gonarsa, ya ce ya tuna mahaifinsu yana ba da labarin wani mai mota da ya kwana a kufai da iyalinsa. Har yanzu ba a noma wurin. Game da daka kuwa, ya ce shi bai taɓa ji ba, amma kuma bai taɓa bari magariba ta same shi a can ba.

Tantin bai sake kafuwa ba. Mainasara ya ba wani mai shayi a tasha, ya yi rumfa da shi har ya yage. Inna Talatu ta rasu a 2011. Ya sami 'ya'ya huɗu bayan Mardiyya, babu wanda ya kwana a wajen Zango kafin ya shekara huɗu. Har yau Ummi yake ce mata. Sau uku ya taɓa faɗin sunan da ƙarfi a rayuwarsa, duka a rana ɗaya. Larai ba ta taɓa ba.

Mardiyya tana da shekara ashirin da biyu yanzu, ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti kusa da Zango, kuma ƙawayenta sun ce ba a rabuwa da ita da hira. Ba ta tuna komai na tafiyar. A bakin kakarta ta ji labarin tana 'yar shekara tara, kuma tun daga lokacin take roƙon mahaifinta ya kai ta ta ga wurin. Kullum amsarsa ɗaya ce, wai hanyar ta ɓace. Shekara ashirin bai ɗauki shatar Dutsi ba, ko da motarsa ce kan layi.

Makon jiya aka tura ta Dutsi taron horon masu rigakafi na wuni ɗaya. Ta ce za ta hau motar haya daga Daura. Mahaifinta ya ce a'a, in dai dole ne sai ta je, shi zai kai ta. An sake titin tun tuni, an faɗaɗa shi, bakin hanyar amalanken ya cike da sabara, kuma ba a hango kukokin daga kwalta. Shi kansa, ya ce, sai da ya ƙirga kwalbatoci daga Shargalle kafin ya gane ana matso wurin. Bai ce mata komai ba. Tana kujerar gaba tana duba wayarta, sai ta ɗago kai ta dubi gefen hanya.

"Baba, rage gudu. Nan ne ko?"

Ya miƙa hannu ya danne makullin ƙofarta, ya ƙara wuta. Ya sauke ta a wurin taron, ya ja mota gindin wata dalbejiya da ke kallon ƙofar shiga, ya zauna a ciki har aka tashi. Da ta fito ya ɗauke ta ya bi wata doguwar hanyar burji da ta ƙara masa kusan awa guda, ya shigar da ita gida a Zango tun rana ba ta yi ja ba.